Tocilar Ƙasan Akwati

Kafin shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk unguwar su Lawwali a 'Yargoje tocila ɗaya ce, kuma tasa ce. Ba wata abar a zo a gani ba ce. 'Yar ƙarama ce mai batir biyu, fentinta ya goge, gilashinta ya tsage ta gefe, an ɗaure gindinta da robar tayar keke don kada murfin ya fice. Amma ita ake nema in kunama ta harbi yaro, ko akuya ta faɗa rijiya, ko naƙuda ta tashi ungozoma na son ganin abin da take yi. Sai ka ji sallama a ƙofar gida: "Malam Lawwali, a taimaka da tocila."

Shi kuwa ba ya miƙa ta haka nan. Sai ya yi gyaran murya, ya buɗe gindinta, ya daidaita batirin da yake kifewa kullum don kada wutar ta zurare, sannan ya bi mai aron da kansa, wai ba kowane hannu ne ya iya mata ba. Gaskiyar magana, daɗin a biyo shi a baya yake ji. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, bai je Makka ba, ba ya jan salla, amma da zarar duhu ya shiga shi ma mutum ne.

Ana nan sai Barau, ɗan ƙanen mahaifinsa, ya dawo daga aikin hanya da ya yi wajen Faskari. Lokacin kuɗi sun fashe a ƙasa, lebura ma sai ka gan shi da agogo. Barau ya zo da rediyo da keke, ya kuma zo da tocila mai batir shida, fara sol, doguwa kamar taɓarya. Ran nan an fito daga sallar lisha ya haska ƙolin rimin masallaci, balbelu suka tashi fir, yara suka ɗau sowa, dattawa suka ce, "Kai! Ikon Allah."

Lawwali na tsaye da tasa a aljihu, ya kasa fito da ita. Abin da ya iya faɗi kawai shi ne, "Irin waɗannan ba su ƙarko. Ƙyalli ne kawai." Ba wanda ya ko waiwayo.

Daga ranar ƙofarsa ta yi shiru. Sau ɗaya ya ji sallama bayan magariba, ya zabura har yana tuntuɓe da buta, ya fito da tocila a hannu. Malam Gide ne maƙwabcinsa, saniyarsa ta tsinke. Gide ya dubi tocilar, ya kau da kai, ya ce, "Halan Barau na nan gidanku? Na je nashi ban ishe shi ba." Wannan magana ta daɗe tana cin Lawwali a rai. Hassada ce, ba wani suna da za a sa mata, kuma shi kansa ya sani. Sanin bai rage masa komai ba.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa maganar auren Zulaihatu ce, 'yarsa ta fari. An sa rana bayan kaka, ita da Sanusi, wanda take so yake son ta, a wata unguwa da ke ƙetaren rafi. Mota ba ta shiga can, da ƙafa mata ke kai amarya bayan magariba, kuma sai da haske mai ƙarfi a gaba, don mashigin rafin duwatsu ne masu santsi. Zulaihatu 'yar fari ce, saboda haka Lawwali ba ya kiran sunanta, ba ya nuna ya damu da bikinta, ba zai raka ta ba. Haka kunya ta tanada. Abu ɗaya ya rage masa da zai yi mata a idon jama'a, shi ne haskensa ya shige mata gaba zuwa ɗakinta. Tun tana ƙarama ya ƙudura wannan a ransa.

Sai ga yayarsa Adama, wadda ita za ta jagoranci kai amarya, ta ce a tsakar gidansa, a gabansa, "Bana dai mun huta da hwargaban rahin nan. Ga tocilar Barau."

Ranar kasuwar Ƙanƙara Lawwali ya ja ragon da yake kiwo, ya dawo da igiya. Bai sayi tocila a Ƙanƙara ba, don idon sani ya yi yawa. Bai tsaya Faskari ba, nan ne Barau ya yi aiki. Ya hau a-kori-kura ya sha jijjiga har Sabuwa, inda yake ganin ba wanda ya san fuskarsa. Can ya samu wadda ransa ke so wajen wani mai tireda: batir shida ita ma, amma kanta ya fi na Barau faɗi, ga wani jan maɓalli da ke sa ta ƙifta.

Mai tiredar na naɗe ta yana cewa, "Baba, in aje ta za ka yi, ka hidda batiran waje."

Lawwali ya harare shi. "Yaro, tun kana goye nike riƙon tocila."

Da ya dawo bai shiga da ita gida ba sai da ya biya ta gona. An saba shanya tsohon batir a rana in ya yi sanyi, ya ɗan farfaɗo. Lawwali ya ce a ransa, in rana na tayar da matacce, ina ga mai rai? Ya jera sababbin batiransa shida a kan falalen dutse, ya zauna yana gadinsu har suka yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, sannan ya ɗura su ciki ya murɗa murfin tamau. Da tsakar rana ya faɗa cikin rumbu ya ja murfi, ya danna. Rumbu ya ɗauki haske har yana iya ƙirga ƙwayar gero a zangarniya. Ya yi dariya shi kaɗai a ciki, dariyar da rabonsa da ita tun kafin Barau ya dawo. Ya kashe da sauri don kada ta rage.

Bai kife ko batir ɗaya ba, shi da ya koya wa unguwa wannan dabara. So yake ta zauna a shirye, ranar da zai fito da ita dannawa ɗaya ta isa, ba sai ya tsaya kwance-kwance a gaban mutane ba. Ya naɗe ta a tsohuwar riga, ya tura ta ƙasan akwatin ƙarfe, ya kulle.

Da yamma, mata na sussuka a tsakar gida, Adama na cikinsu, ya fito da tsohuwar tocilar ya jefa wa matarsa Mairo a kan tabarma.

"Ungo wannan tarkace. Na bar maki, ki riƙa duba kaji. Ni na gama da ita."

Mairo ta ɗauka ta goge da bakin zane, ba ta tambayi dalili ba. Ita ta san rago ya tafi, ta kuma san akwati ya ƙara nauyi. Tun daga nan tocilar ta koma madafa. Da ita take duba akurki, da ita take leƙa ƙarƙashin gado kafin yara su kwanta, da ita take neman ludayi in ya ɓace. In ta gama ta kife batir ɗaya kamar yadda ta ga ana yi, in sifirin da ke danne batir a gindinta ya fara tsatsa ta murje shi da toka.

Damina ta sauka, ta yi ƙarfi. Ɗakin Lawwali na yoyo ta kusurwar da akwatin yake, ƙasa ta yi danshi, tufafi na warin rima. Sau da yawa ya yi niyyar buɗewa ya duba, sai ya fasa. Murfin akwatin ƙara gare shi, Mairo za ta ji, in ta ji unguwa ta ji, in unguwa ta ji aro za a fara zuwa. Kuma duk dannawa ɗaya, a lissafinsa, ragi ce daga hasken ranar biki. Sai dai ya shafa murfin ya wuce.

Idonsa kuwa na kan tocilar Barau, yana jiran ranar da za ta mutu. Barau bai san tattali ba. Kowa ya zo aro ya ba shi, yaro ko babba. Ta faɗo daga keke ta lotsa a gefe, ruwan sama ya dake ta a gona, an kai ta makiyaya an dawo da ita da kashin shanu. Kullum sai Lawwali ya ce to yau kam ta gama, kullum da magariba sai ya hango ta tana yawo a unguwa. Abin haushin ma, in sun haɗu Barau har ƙasa yake durƙusawa ya ce, "Yaya, an wuni lahiya?" Da ma yana da girman kai, da Lawwali ya samu abin kamawa.

Kaka ta yi, aka ɗaura aure. Ranar kai amarya, ana idar da magariba gida ya cika da mata, ana guɗa, an lulluɓe Zulaihatu tana kukan da amare ke yi. Lawwali na ɗakinsa ya turo ƙofa, ya sa babbar riga kamar shi za a kai. Ya ji Adama na cewa a kira Barau ya kawo haske. Ya leƙo ya ce, "Yaya Adama, dakata. Ba sai an kira kowa ba."

Ya buɗe akwati, ya warware rigar. Tocila na nan da ƙyallinta. Ya nufi ƙofa da ita, ya saita bangon tsakar gida inda kowa zai gani, ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa. Ya danna jan maɓallin. Ya girgiza ta, ya buga a tafin hannu. Ya koma ciki da baya, ya kama murfin gindin, ya ƙi murɗuwa, sai da ya sa bakin riga ya yi da ƙarfin tsiya. Wani farin gari ya zubo masa a cinya, wani ruwa mai tsatsa ya biyo baya. Batiran sun kumbura sun fashe sun manne da jikinta, sifirin ya cinye ya rage guntu. Ya sa tsinke yana ƙwaƙula, yana salati, yana tsine wa mai tiredar Sabuwa wanda bai yi masa laifin komai ba.

A waje Adama ta ɗaga murya. "Lawwali, duhu na yi, dangin ango na jira."

Ba abin da ya taɓa yi masa nauyi a baki kamar abin da ya faɗa daga nan. "A kira Barau."

Barau na zaure da ma, ya shigo ya durƙusa bakin ƙofa, hannunsa wayam.

"Ina tocilarka?"

"Na ba Mamuda makiyayi aro tun jiya, ya tahi Faskari da shanu."

"Yau? Ka san yau za a kai yarinyar nan, ka ba da ita?"

Barau ya sunkuyar da kai. "Don hakanan na ba shi, Yaya. Ranarka ce. Na ce kada a ga tawa a wurin, a raba maka ido."

"Wa ya ce maka ina da wata?"

"Haba Yaya. Direban da ya kai ka Sabuwa surukin Malam Gide ne. Tun damina kowa ya sani. An dai yi shiru ne don a bar ka da abinka. Yara ma tun la'asar suke zaune kan katanga, jira suke su ga haskenta."

Lawwali ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi Barau. Da Barau dariya ya yi masa, da ya fi sauƙi. Ya so ya ji haushinsa, ya nema ya rasa ta inda zai kama, sai kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Mairo ce ta fito daga madafa, ba ta dubi kowa ba. Ta buɗe gindin tsohuwar tocila, ta juya batir, ta mayar da robar, ta danna. Wani ɗan haske ja-ja ya faɗi a ƙasa, ba yawa, amma bai ƙifta ba. Ta miƙa wa Adama ta koma ciki, don ita ma uwa ce, ba ta rakiya.

Aka fito da amarya. Lawwali ya tsaya a duhun zaure, inda ba mai ganinsa, suka wuce ta gabansa. Ya bi ɗan hasken da ido yana gangarawa, ya ga ya tsaya a mashigi, yana komawa baya yana dawowa, ana ƙetarar da mata ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta zame. Ya ga an haska ƙafar Zulaihatu har ta taka tudun can. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ko ba komai, ya ce a ransa, tocilarsa ce ta kai ta.

Yana nan tsaye har 'yan rakiya suka dawo, suna hira suna dariya. Adama ce a gaba. Ta wuce shi a zaure ba ta ko lura ba, ta shiga tsakar gida tana ɗaga murya don maƙwabta su ji.

"Ina Mairo? Allah shi yi maki albarka! Yau tocilar Mairo ta hid da mu kunya. Ku shaida, uwa ce ta haska ma ɗiyarta hanya!"

Mata suka ɗau guɗa. Lawwali ya buɗe baki zai ce tasa ce, sai ya tuna ranar sussuka, da tabarma, da abin da ya faɗa da bakinsa a gaban Adama. Ya rufe bakin.

Bai gama haɗiye wannan ba ya ji sallama a ƙofar gida. Malam Gide ne, wai tunkiyarsa na haihuwa ta kasa. Lawwali ya yi gyaran murya yadda ya saba, ya gyara riga, ya tako.

Gide ya ce, "A'a, yi zamanka, Malam Lawwali. Aiko yaro dai ciki, a ce ma Mairo a taimaka da tocila."