Layin da Ba a Gani

Ni da ƙanena Mansur mun shekara huɗu muna buga wasa guda a ordinatarsa, wato kwamfuta, irin wanda kowa ke gina daularsa, in ka gama naka motsi ka miƙa wa ɗan'uwanka. Duk Lahadi nake haye gada zuwa gidansa a unguwar Kirkissoye, ƙetaren kogi a nan Yamai.

Doka ɗaya ce ke ba ni haushi. Ƙasa a haɗe take, ba teku ba tsauni, amma wasan ya tsaga ta biyu ya ce nahiyoyi ne. Layin ma ba ya fitowa sai ka danna wani maɓalli. Sojana na tsallake shi sai ƙarfinsa ya ragu, wai ya zama baƙo.

"Wannan ai zalunci ne," na ce.

"Yaya, ka duba ɗaya gefen," in ji Mansur. "Ayarin da ya tsallaka shi ake ninka wa lada."

Da ya tashi aurar da 'yarsa, sai ya sa abokinsa waliyyi, ni wansa ina zaune a Yamai. Ban yi masa faɗa ba. Na dai daina haye gada. Ya kira ban ɗauka ba, ya aiko na ce ba na nan. Tafiyar minti ashirin a taksi ta gagare ni shekara biyu, har ina ganin na yi abin kirki.

Ranar da na haye, makararsa na ɗauka.

Bayan sadakar bakwai matarsa Iklima ta miƙo mini ordinatar.

"Yaya, duk Lahadi sai ya kunna ta, ya zauna kallo. Ya ce ba ya da ikon taɓawa, motsin naka ne."

Na buɗe a tsakar gidan. Wasan na nan inda muka bar shi. Ayarinsa na tsaye daidai kan layin, da saƙo a kai: Mansur na neman ka buɗe masa iyaka, ka yarda? Tun Lahadin ƙarshe da muka buga ya aiko, ban tsaya na gani ba.

Na danna na yarda. Ayarin ya tsallako.

Sai allon ya yi duhu, rubutu ya fito: yanzu a miƙa wa Mansur.