Ragar 'Yan Tamanin da Bakwai

Shekara shida awaki ne kaɗai ke shiga filin ƙwallon kwalejin nan ta bakin kogi a Yelwa. Turakun gola sun karkace, ƙaya ta cinye tsakiyar fili, korayen rigunan ƙungiyar kuwa, masu hoton kifi a ƙirji, suna kulle cikin akwatin ƙarfe a gidan Baba Garba, kyaftin ɗin 'yan tamanin da bakwai. Sai da aka turo Malam Peter, sabon malamin motsa jiki, sannan aka sake jin ƙarar usur a wurin. Ya tara yara goma sha bakwai, wasu daga Shanga, wasu daga ƙauyukan kan dutse, wasu 'ya'yan masunta daga gungu, wato tsibiran tsakiyar kogi. Da hannunsu suka cire ƙayar.

Hamza suka zaɓa kyaftin. Ɗan masunci ne, siriri, mai bugu da hagu, kuma tun yana ƙarami yake jin sunan Giwan Ruwa a bakin manya kamar sunan wani gari mai nisa da ake zuwa a dawo da labari. Sunan ƙungiyar kwalejin ke nan a da. Abin da Hamza yake so a duniya bai wuce a kira su da wannan suna ba, ya sa koriyar rigar nan ko da sau ɗaya kafin ya gama karatu. To amma sunan da rigunan suna hannun tsofaffin ɗalibai, su kuwa sun kafa sharaɗi: sai yaran sun ci ƙungiyar garin Wara a wasan da aka saba yi duk shekara a da. In an yi canjaras ko an ci su, akwati zai ci gaba da zama a kulle, Hamza kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe.

Akwai wata al'ada a kwalejin tun kafuwarta. Ba a sayen ragar gola a kasuwa. Kowane zubi na 'yan wasa shi ke saƙa tasa da zaren taru, kamar yadda ake saƙa ragar kamun kifi, kowane ɗan wasa ya sa hannu ko da idon raga goma ne. Don haka kullum bayan atisaye yaran sukan zauna gindin tsamiyar bakin fili, kusa da kaskon Inna Dudu mai suyar kifi, su baje zare suna ɗauri. Lubabatu, 'yar Baba Garba, wadda take aji ɗaya da Hamza, ita ke nuna wa 'yan kan dutse yadda ake ƙulla ido, don su ba su taɓa riƙe allurar saƙa ba. Duk lokacin da ta sunkuyo ta gyara wa Hamza zare, sai ɗan masuncin nan da aka haifa cikin taru ya manta ƙullin da ya iya tun yana shekara biyar.

Ana saura kwana uku wasa Baba Garba ya zo da sandarsa, ya ɗaga gefen ragar da bakin sandar ya duba.

"Wagga raga ce ko tarkon ɓera? Ido ɗaya ɗan akuya na wucewa, ɗaya ko sauro sai ya yi dabara."

"Hannu goma sha bakwai ne suka saƙa ta, Baba," in ji Malam Peter yana dariya.

"Mu ma ai ba aljanu suka saƙa muna ba." Ya zauna kan benci, ya gyara hula, yaran kuwa suka kalli juna don sun san abin da ke tafe. "A tamanin da bakwai, in Sanusi, ɗan gabanmu, ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya, masu jirgi aje filafili sukai su tsaya kallo. Shekara ukku ba a ci mu ba a wanga fili. 'Yan casa'in da tara ba su kai mu ba, amma akwai gudu, kamar an koro su. 'Yan dubu biyu da goma ba gudu, amma akwai kai, su bi da kai har ka gaji ka zauna. To ku fa, 'ya'yana, mi gare ku?"

"Muna da waya, Baba," in ji Benjamin mai tsaron gida.

Wurin ya kaure da dariya, har Baba Garba sai da gemunsa ya motsa.

Inna Dudu ta juya kifinta ba ta ko ɗago kai ba. Shekara arba'in tana wannan gindin tsamiya, duk zubin da aka yi a gabanta aka yi shi. "Garba, ka ji tsoron Allah. Ina nan da kaskona ranar da Wara sunka zuba maku bakwai a shekararku ta farko. Bayan wanga icce ka ɓoye kana kuka, ni na ba ka kan tarwaɗa ka yi shiru."

"Ƙaiƙayi ne ya shiga min ido."

"Awo. Ƙaiƙayi bakwai."

Lubabatu ta rufe baki da mayafi. Hamza ya yi dariya tare da kowa, amma tambayar ta zauna masa a ƙirji kamar ƙayar kifi. Su me gare su? Wasa huɗu suka yi tun da aka farfaɗo, an ci su biyu, sun yi canjaras biyu.

Ranar Asabar tun da hantsi 'yan Wara suka sauka daga motoci da ganguna, magoya bayansu kuma wasu ta ruwa suka biyo, suka ɗaure jiragensu a ƙasan gangaren da ke bayan gola ta yamma. 'Yan acaba suka jera baburansu suka hau kai. Yaran suka fito da sabuwar ragarsu a kafaɗa za su ɗaura a gola ta yamma, sai ga tsofaffin ɗalibai su shida, Baba Garba a gaba, suna riƙe da wani ƙunshi a cikin farin ƙyalle kamar kayan lefe.

"Yau ba ranar gwaji ba ce," in ji shi. "Ku aje taku. Ragar tamanin da bakwai za a ɗaura."

Malam Peter ya taɓa zaren da yatsa. Ya yi ja, ya bushe. "Baba, anya za ta ɗauka?"

"Malam, ba a haife ka ba lokacin da wagga raga ta tare bugun Sanusi. Ba ta taɓa tsinkewa ba, ko ido ɗaya."

Da alƙalin wasa, wani malami daga Shanga, ya zo duba raga kafin a fara, maganar da Baba Garba ya maimaita masa ke nan da ƙarfi, a gaban jama'a, har da bugun ƙirji. Yaran suka naɗe tasu suka ajiye gindin tsamiya. Hamza ya ji kamar shi aka naɗe. Lubabatu ta wuce ta gefensa tana kallon wani wuri, ta ce a hankali, "Raga ba ta cin ƙwallo, kyaftin. Ƙafa ke ci."

Tsofaffin suka sa bencinsu daidai bayan gola ta yamma, inda tsohon kyaftin ke zama bisa al'ada.

Rabin farko 'yan Wara suka hana su numfashi. Manya ne, masu kafaɗun tuƙin jirgi, sau uku Benjamin yana tashi sama yana ture ƙwallo, na huɗu ya tare da fuska ya miƙe yana murmushi da leɓe a kumbure. Daga benci ana jin muryar Baba Garba: da Sanusi ne da ya ci wannan, 'yan casa'in da tara da tuni sun wuce wancan. Bayan hutu aka juya, 'yan kwaleji suka fuskanci yamma, suka fuskanci tsofaffi da kogi da rana mai gangarowa. Sai wani abu ya fara bayyana wanda babu shi a labarin kowane zubi. Yaran nan ba su da gwani ɗaya, amma ba wanda ke riƙe ƙwallo ya wuce taku biyu. Ɗan Shanga ya ba ɗan kan dutse, ɗan kan dutse ya ba ɗan gungu, gajere gajere, ido bayan ido, kamar yadda suka zauna suka saƙa karkatacciyar ragarsu. 'Yan Wara suka fara haki. Baba Garba ya daina ambaton Sanusi.

Saura minti huɗu, babu ci. Yusuf, ɗan wasan gefe, ya zille wa mutum biyu ya gangaro da ƙwallo ta ƙasa. Hamza bai tsayar da ita ba. Ya sa hagunsa da duk abin da ke cikin ƙirjinsa, ƙwallo ta tafi ƙasa ƙasa ta jikin turken dama, mai tsaron gidan Wara ya faɗi a makare.

Sai ga ƙwallo a bayan gola tana gangarawa wajen jirage.

Ihun da ya taso ya tsaya a maƙogwaro. Raga tana nan rataye yadda take, ko girgiza kirki ba ta yi ba. Alƙali, wanda rana ke dukan idonsa, ya duba daga inda yake, ya nuna a yi bugun gola, wai ta gefe ta wuce. Hamza ya durƙusa a ƙasa yana rantsuwa da Allah ta shiga. 'Yan wasa suka kewaye alƙali, shi kuwa yana cewa, "Ta ina? Ga raga nan lafiya lau, mai ita ma ya ce ba ta tsinkewa."

Mutum ɗaya ne a filin nan ya san gaskiya ba tare da shakka ba. Ƙwallon ta shafi ƙwaurin Baba Garba, har yanzu wurin yana masa zafi. Kuma a ƙasan raga, inda ta ninku a jikin turke, yana ganin bakin zare huɗu suna lilo kamar gashin bakin tarwaɗa. In ya yi shiru, ragarsa ta ci gaba da zama wadda ba ta taɓa tsinkewa ba, akwati kuma ya zauna a ɗakinsa. Wani yaro ya riga ya dawo da ƙwallo, mai tsaron gidan Wara ya dasa ta yana ja da baya.

"Baba," in ji Lubabatu daga bayansa.

Can gindin tsamiya Inna Dudu ta bar kifi yana ƙonewa, ta zuba masa ido.

Tsohon ya miƙe. Ya cire hularsa ya ɗaga sama. "Alƙali! Dakata!" Ya jefar da sanda, ya rusuna, ya buɗe ninkin ragar, ya zura hannunsa ta ramin har kafaɗa. Da ya ga alƙali yana jinkiri, sai ya zura kansa gaba ɗaya, furfura da gemu suka leƙo cikin gola. "Ta nan ta wuce! In kai na ya shiga, ƙwallo ta shiga. Ga shaidarta nan a ƙafata."

Alƙali ya rugo. Kyaftin ɗin Wara ma ya zo, shi ma ɗan masunci ne, ya kama bakin zaren ya murza. Waje ja, ciki fari fat. Ya yi ajiyar zuciya ya dubi alƙali. "Sabon tsinkewa ne, Malam. Ta shiga."

Usur ya yi ƙara, hannu ya nuna tsakiyar fili, Yelwa ta fashe. 'Yan acaba suka danna oda gaba ɗaya, gangunan Wara ma da suka rasa abin yi sai suka shiga kiɗan. Hamza yana kwance ƙarƙashin mutum goma yana kuka yana dariya.

Amma alƙali ya ce ba za a ƙarasa wasa da raga mai rami ba. Kafin Malam Peter ya buɗe baki, Baba Garba ya juya wajen tsamiya ya daka tsawa, "Ku ɗauko tarkon ɓeran nan!" Shi da kansa ya hau benci, abokansa na riƙe da ƙafafunsa, ya kwance ragar tamanin da bakwai ƙulli bayan ƙulli, ya ɗaura ta yaran, mai manyan idanu da ƙanana. Da ya ja ta don gwadawa, ba ta ko yi ƙara ba.

Minti ukun da suka rage Benjamin ya tare ɗaya da gwiwa, ɗaya da abin da shi kansa bai sani ba, aka tashi.

A nan tsakiyar fili aka kawo akwatin. Rigunan suna warin kafur, ta Hamza kuma ta sauko masa har cinya, don masu ita na da sun fi shi cin tuwo. Baba Garba ya gyara masa wuyanta da hannu biyu, ya daɗe yana gyarawa fiye da yadda wuyan riga ke buƙata.

"Giwan Ruwa," ya ce. Sannan ya juya ga jama'a ya ɗaga yatsa. "Ku shaida! Shekara talatin da bakwai, Sanusi bai fasa ta ba, 'yan casa'in da tara ba su fasa ta ba. Wanga yaro da ƙafa kamar kara, shi ya fasa ta!"

"Zaren ne ya tsufa, Garba, kamar mai shi," in ji Inna Dudu. "Mi ya samu idonka kuma? Ƙaiƙayi?"

"Ke dai je ki, kifinki ya ƙone."

Ya kuwa ƙone, ta rabar da shi haka nan, 'yan Wara da 'yan kwaleji suka cinye har ƙaya. Hamza yana tsaye da kan karfasa a hannu sai ya ji an taɓa masa gwiwar hannu. Lubabatu ce, riƙe da ɗan guntun jan zaren da ya tsinke. Ta ɗaura masa a wuyan hannu da ƙullin masunta, ta ja shi ya zauna daram.

"Wannan ƙullin dai ka iya shi ko?" ta tambaya.

"Na manta," in ji Hamza. "Sai kin sake nuna min."