Katakon Akwatin Edward

Edward ya rasu ranar Talata, cikin daminar 2008. Washegari da safe matarsa Mabel ta zo shagon da ke hanyar Bosso, inda shi da Muttaka suka yi shekaru suna aikin kafinta tare. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi Muttaka.

"Baban Na'ima, da la'asar mota za ta tashi da gawar zuwa Zonkwa. Ƙanensa Luke ya ce a sayi akwatin gawa na kasuwa."

"Na kasuwa? Wanda ƙusa ke leƙowa ta gefe?"

"Na ce masa kai za ka yi. Ya ce in la'asar ta yi bai gani ba, zai saya."

"Koma gida, Maman Victor. Zai gani."

Kafin azahar Muttaka ya gama gindin akwatin da murfinsa. Saura gefuna biyu masu tsawo. Dogayen katakon madaci uku ne suka rage a shagon, kuma kowanne sai an datse shi a gicciye kan injin zarto, daidai tsawon mamacin. Bai nemi awo a wurin kowa ba. Ya san inda kan Edward yake kaiwa a jikin ƙofar shagon.

A shagon nan, datse dogon katako aikin mutum biyu ne. Muttaka yana turawa, Edward yana tsaye ta hagu ya tallafi wutsiyar da ta zarce tebur, ba ya ja, ba ya turawa, yana bin tafiyar kawai. Ba su taɓa sayen abin tokarawa ba.

Muttaka ya ja layi da fensir, ya kunna inji, ya tura. Da zarto ya kai tsakiya sai ya ɗage hannunsa na hagu, kamar yadda ya saba. Wutsiyar ta rinjaya ƙasa, katakon ya matse zarto, injin ya yi wurgi da shi. Ya wuce ta gefen haƙarƙarinsa ya daki bango, ya tsage gida biyu.

Ya kashe injin. Ya duba yatsunsa. Suna nan.

Talatu mai abinci ta leƙo daga rumfarta. "Malam, lafiya? In zo in riƙe maka?"

"A'a. Wanda bai saba ba ja yake yi. Za ki sa injin ya kashe mu duka."

"To, Allah ya ba da haƙuri. Tuwonka na nan yana sanyi."

Katako biyu suka rage, babu na kuskure. Ya jawo bencin da suke cin abinci a kai, ya ɗora guntaye har tsayinsa ya yi daidai da teburin injin, ya shafa kyandir a sama don katako ya zame. Ya janye ƙarfen jingina na tsagawa can nesa, kada guntun da ya fita ya maƙale tsakaninsa da zarto. Ya ɗaure miƙaƙƙen katako a jikin ƙarfen tura katako da ke bin kwarin tebur, ya gwada shi da sikwaya, ma'aunin kusurwa, ya sake gwadawa. Ya rage tsayin zarto har haƙoransa suka ɗan leƙo kawai. Sannan ya koma gefe, ya kauce wa layin yanka.

Ya tura a hankali, hannu biyu a kan katako har ƙarshe. Guntun ya rabu ya kwanta. Bai taɓa shi ba sai da zarto ya tsaya cak. Na biyun ma haka. Da ya haɗa su baki da baki, ko farce bai samu wurin kamawa ba.

Ana kiran sallar la'asar bas ta tsaya a ƙofar shagon. Luke ya sauko, ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ɗaga murfi ya mayar.

"Oga Muttaka, wannan ya fi gadon da ya kwana a kai."

Maza huɗu suka ɗaga shi suka sa a mota. Mabel ta leƙo ta taga.

"Baban Na'ima, da ka zo mu je. Amma ka ga motar, har a cinya ake zaune."

"Ba komai. Ku sauka lafiya. A gaida mutanen gida."

Bas ta nufi asibiti ɗaukar gawa. Muttaka ya tsaya har ta sha kwana. Ya yi alwala a bakin kwata, ya yi sallah a cikin shago, sannan ya ɗauki tsintsiya ya fara share garin katako daga ƙarƙashin injin.