Abokin Turi

Mu takwas ne muke kai albasa kasuwar Anka a kan keke, daga ƙauyenmu da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum. Ba ma bin kwalta. Akwai tsohuwar hanya da ta ratsa cikin duwatsu, ta fi kusa, sai dai hawa uku ne a kanta, kuma babu mahalukin da zai haura ko ɗaya shi kaɗai da buhu da rabi ɗaure a kariyar bayan keke. Saboda haka kowa da abokin turinsa. In an iso gindin hawa sai a jingine keke ɗaya, mutum biyu su kama ɗayan, mai shi a gaba yana riƙe da kai, abokinsa a baya ya sa kafaɗa a buhu. In an kai sama a sauko a ɗauki na biyun. Hawan farko shi ne mugun. Karya-Gwiwa muke ce masa, kuma ba don wasa aka sa masa sunan ba.

Abokin turina Baba Audu ne. Ba dangina ba ne, maƙwabcin babana ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Ranar da na fara bin ayari babu wanda ya yarda ya ɗauke ni, don ƙafafuna kamar sillen kara suke. Shi ya ce a ba shi ni. Shekara biyu yana tura kekensa yana tura nawa, ni kuwa ina dafe da buhu ina nishi don a ce ina aiki. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, sai dai in mun kai sama ya dube ni ya ce, "Bature, yau ka kusa kashe ni da ƙarhi." Haka muka yi shekara goma sha tara.

A 2014 abubuwa suka taru suka lalace. Abokin turin Auwalu, ɗaya daga cikinmu, ya jingine keke ya tafi haƙar zinari, muka koma mu bakwai. Auwalu sai ya tsaya a gindin hawa kamar maraya, har wani ya gama nasa biyun ya sake saukowa. Ga ɓarayi sun fara tare hanya a dajin da ke bayan hawa na uku, wanda duk bai wuce shi kafin la'asar ba ya san abin da ya saya. Ga kuma Baba Audu numfashi ya fara gaza masa. Sau uku yake tsayawa a Karya-Gwiwa, ya dafa gwiwa yana tari. In yana bayana, ji nake kamar babu kowa a wurin. In yana gaba, ni nake tura keken da buhun da shi kansa. Ban yi ƙorafi da baki ba, amma fuskata ta yi, kuma kowa ya gani.

Wata ranar da muka ratsa dajin nan rana ta yi ja, kowa zuciyarsa a hannu, madugunmu Mainasara ya ja ni gefe bayan mun sauka Anka.

Ya ce, "Bature, bakwai ba ta rabuwa biyu-biyu. Auwalu ba shi da abokin turi, kai ko kana da wanda ba shi turi. Ka hwaɗa ma tsohon ga ya huta hakanan."

Na ce, "Madugu, kai ab babba. Kai ya kamata ka hwaɗa mishi."

"Abokinka na. Daga bakinka za ya hi jin sauƙi."

Kwana shida nake da su kafin tafiya ta gaba. Sau biyu na je gidan Baba Audu. Zuwan farko na same shi yana gyaran birki, muka yi hirar irin albasa har na tashi. Zuwa na biyu matarsa Iyatu ta kawo mana fura, shi kuwa ya jawo keken yana nuna mini sabuwar tayar da ya sa a baya, wai don turi ya yi mini sauƙi. Na yaba tayar. Na sha furar har ƙasan ƙwarya, na yi godiya na fito.

Na koma wurin Mainasara na ce bakina ya yi nauyi. Ya fara faɗa, sai na kawo shawara. Ni na kawo ta, ba wani ba, gara in faɗa tunda yanzu madugu kowa yake zagi a garin. Kullum a gindin tsamiyar bakin gari muke haɗuwa bayan an sha koko. Na ce wannan karon mu haɗu bayan makarantar firamare, da an sallame asuba mu kama hanya. In Baba Audu ya zo gindin tsamiya bai ga kowa ba zai gane, ba sai an yi maganar da za a ji kunya ba. Mainasara ya dube ni, sannan ya ce to. Ko shi bai yi zaton haka daga gare ni ba.

Da safen na ce wa matata Bilki duk wanda ya zo nemana ta ce na tafi. Ta tambaye ni wa zai zo. Na yi kamar ban ji ba, na fitar da keke.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar ta yi daɗi. Mu shida a jere, babu mai tari, babu mai cewa a dakata. Da hantsi muka iso Karya-Gwiwa. Auwalu ya sa kafaɗa a buhuna, sai na ji keken yana gudu a hannuna, har sai da na ce ya sassauta. Na manta rabon da in haura wurin nan ban ga duhu-duhu a idona ba. Muka kai kekuna shida sama muna raha.

A nan sarƙar keken Mainasara ta tsinke. Abin da ake gyarawa kafin a gama cin goro ɗaya, ranar ya ƙi. Aka haɗa ta sake ballewa, aka nemo ƙusa, aka nemo dutse, aka yi ta bugu. Muna nan zaune har inuwa ta fara gajarta, sai wani a cikinmu ya miƙa hannu ya nuna hanyar da muka fito.

Daga kan Karya-Gwiwa ana hango hanya har nesa. Keke ɗaya ne yake tafe, a hankali, buhu da rabi a baya. Tun kafin a ga fuska na san shi, don Baba Audu in yana taka feda kafaɗarsa ta hagu ce take sauka. Raha ta mutu. Muka zuba ido har ya iso gindin hawan. Ya sauka, ya jingine keken a jikin dutse, ya ɗaga kai ya dube mu, mu shida tsaye a sama kamar an jera mu. Bai ɗaga hannu ba. Ya sunkuya ya fara kwance igiya.

A daidai nan sarƙar ta kama. Mainasara ya juya feda, ya goge hannu a wando, ya ce, "An gama. Mu tahi."

Na ce su ba ni ɗan lokaci, na gangara. Ban taɓa jin tsawon hawan nan ba kamar a wannan saukar. Na same shi ya sauke rabin buhun yana naɗa gammo da rawaninsa.

"Baba Audu, sannu."

"Yawwa, Bature. Lahiya kake?"

"Lahiya lau."

"To, alhamdu lillahi. Ni na aza ciwo ya kama ka." Ya ci gaba da naɗin gammonsa. "Na tsaya gindin tsamiya har rana ta hito, ban ga kowa ba. Sauran ban damu ba, nic ce wataƙila ni nim makara sunka wuce. Amma kai na san ba ka tahiya ka bar ni, nic ce lalle ba lahiya ba. Shi na nit tahi gidanka in gani ko a kai ka asibiti."

Na kai idona kan buhun, shi kuwa ya ci gaba da magana.

"Bilki ta hito ta durƙusa, ta kasa duba na. Kuka ta yi kahin ta hwaɗa man. Bai kamata ka bar ma yarinyar ga aikin ga ba, Bature. Naka na."

Na ce, "Baba, to don mi kab biyo mu? Ka san hanyar ga ba ta biyuwa mutum guda."

"Tun jiya niɗ ɗaure kayana. In koma in kwance su gaban Iyatu in ce mata mi?"

Na kai hannu na kama bakin buhun, na ce ya bari in ɗora masa, mu tura keken tare kamar kullum. Ya ce in cire hannuna. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Na cire. Ya durƙusa ya jawo rabin buhun kan gwiwarsa, daga nan zuwa kafaɗa, daga nan zuwa ka. Jijiyoyin wuyansa suka fito. Ina tsaye hannuwana a sake kamar baƙon da ya zo kallo.

Can sama wani ya kaɗa ƙararrawar keke. Aka sake kaɗawa.

Baba Audu ya ce, "Tahi, suna jiran ka. In kat tsaya kun makara ga dajin can, kuma ni za a ce."

Na tafi. Sau ɗaya na waiwaya da na kai sama. Yana wajen kashi ɗaya cikin uku na hawan, ya tsaya ya dafa dutse, kaya a ka. Keken da cikakken buhun suna ƙasa suna jiran sa, bayan wannan kuma akwai hawa biyu.

Mun wuce daji kafin la'asar, mun sami kasuwa da kyau. Shi sai washegari ya iso Anka, kasuwa tana watsewa. A wani ƙauye ya kwana, in ji waɗanda suka gan shi. Bai sake ɗaura kaya a keke ba. Muna haɗuwa a masallaci, in gaishe shi ya amsa, ya tambayi Bilki da yara ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko ɗaya.

Mutane suna ba ni haƙuri, wai ba ni da yadda zan yi, ga iyali ga halin da hanya take ciki, kuma ai shi da bakinsa ya ce in tafi. Ina gyaɗa kai in bar su a haka. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Bilki, shi ne lokacin da ya ce in tafi, daɗi na ji. Kuma da sauri na haura, don kada ya sake shawara ya kira ni.