Ranar da Sha-Ƙasa Ya Ji Labarinsa a Littafi

Sau uku rami yana ruftawa da Sha-Ƙasa, sau uku yana fitowa da ƙafafunsa yana karkaɗe wando. Shekara arba'in ya yi yana haƙar kuza. Ko baƙi ɗaya bai sani ba, amma in ya lashi dutse sai ya gaya maka abin da ke cikinsa. Duk unguwa an sallama masa, ban da maƙerin bakin titi, wanda kullum yake cewa haƙa ai ko gafiya ta iya.

Ran nan a wurin ibada mai wa'azi ya buɗe littafin Allah, ya soma karanta zancen mutanen da ke kutsawa cikin duhun ƙasa suna fito da azurfa da ƙarfe. Tsoho bai tsaya jin sauran ba. Ya suri sandarsa sai maƙera, ya shaida wa maƙeri cewa yau an yabe shi a littafi, kuma bai ji an ambaci mai zuga wuta ba. Ya ce ya zo gida bayan la'asar, 'yarsa za ta karanta a gaban tsofaffin abokan rami, kowa ya ji da kunnensa.

Matarsa ta so ta ja masa kunne, don ita ta zauna har aka tashi. Ya ce mutumin da ya yi aikin da hannunsa ba a ba shi labari.

Aka cika tsakar gida. 'Yar tana karatu, shi yana kaɗa kai yana nuna ƙirjinsa. Can sai muryarta ta yi ƙasa, ta nemi rufe littafin.

"Ƙarasa mana, 'yata," in ji maƙeri.

Ta ƙarasa. Ashe abin da ya biyo baya cewa ya yi duk wannan haƙa ba ta kai mutum inda hikima take, zinariya ba ta sayenta, Allah kaɗai ya san mazauninta. Maƙeri ya yi dariya har da riƙe ciki. Abokai suka sunkuyar da kai.

Sha-Ƙasa ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "To, gaskiya ne. Ni shaida ne. Na shiga inda tsuntsu bai taɓa leƙawa ba, ban ga hikimar ba. Amma ka lura, mu aka kafa misali da mu, don mu muka fi kowa nisa. Kai ko nema ba a ce ka yi ba."

Tsakar gida ta kaure da dariya, maƙeri ya miƙa masa hannu. Matarsa ta ce shekara hamsin suna tare, yau ta fara jin ya ce akwai abin da ya gagare shi.

"A rubuta," in ji shi. "Duk cikin mahaƙa ni na fara amsa cewa ta gagare ni."