Motar Yaya Alamin Mai Ja Hagu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don kunya gare ni.

Yayana Alamin makanike ne a Ƙaura. Kwana uku yana saita ƙafafun motarsa a ƙofar gidanmu, don ranar Asabar zai yi tsere da wani direba, Yalwa na Shinkafi. Ya ja igiya, ya auna, ya ɗaure noti, amma da ya hau titi sai motar ta ja hagu.

"Ko gidan surukanka ta nufa?" in ji abokansa.

Ni na san ƙasar wurin da yake awon ce ta karkace, shi ya sa saitin bai daidaita ba, amma ba ni iya magana gaban maza. Washegari da safe na kwara ruwan wanki ƙarƙashin motar. Yaya da abokansa suna kallo ruwan ya gangara gefe guda, karkatar wurin ta bayyana. Na ruga cikin gida, na bar bokitin.