Nonon Goshi

Hajiya Lailatu ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta mayar da ludayin cikin ƙwarya.

"Kubura, nonon nan naki ƙarni gare shi. Yara sun saba da na Rashida, ga kauri ga araha."

"Haba Hajiya, na Rashida ai madarar gari ce take damawa. Ko akuya ba ta ajiye ba."

"To ni akuyar zan sha?"

Haka Kubura, baiwar Allah, ta bi gidajen Ƙofar Sauri har la'asar, ƙwarya ko motsi. Tun da aka ce wasu ƙasashe sun ƙaru a kasuwar haɗin gwiwa, buhunan madarar waje suka cika shaguna. Makiyayar bayan gari kuma an yanka wa manyan manoma, wai gyaran noma. Saniya ɗaya ta rage mata, Goshi, jikar saniyar sadakinta, ita ma sai an sayi dusa take ci.

Mijinta Hamman ya riga ya faɗa: in nono bai sayi dusa ba, mahauta za su zo.

* * *

Da kunya da komai ta je wajen Rashida.

"Yau Fulani ke koyon nono a wurin Bahaushiya?" Rashida ta yi dariya har da tafi. "Zauna, Inna. Ruwan ya zama da ɗumi-ɗumi."

To, abin ya karɓu. Kafin azahar ƙwarya ta ƙare. Hajiya Lailatu har cewa ta yi, "Kin gani? Saniyar taki ta gyaru." Kubura ta sayo dusa, ta tsaya tana kallon Goshi na ci, tana sosa mata wuya. Abin da ta tatsa kuwa su biyu suke sha, saura ya tsinke a ɗaki.

Hamman ya yi mako yana kallo. Ran nan da hantsi ya iske ta tana dama gari.

"Wannan ne ke sayuwa?"

"Shi ne, Malam. Ga dusa na samuwa, ka gani."

Ya daɗe yana duban saniyar.

"To in gari ke ciyar da ita, mu me take ba mu?"

Kubura ta ci gaba da damunta.

* * *

Ranar da mahauta suka zo, ba ta fito ba. Tana ɗaki tana juya madarar gari da muciya a roba, ta ji ɗayansu yana tambayar Hamman ko har da igiyar aka sayar.